Likita, maganin alaji bai hana ɗana susa ba

Tambaya: Ɗana mai shekara 6 yana da alajin fata, bayan gwiwa da gwiwar hannu. Cikin dare yakan yi ta susa har jini ya ɓata zanin gado. Ina ba shi maganin alaji, amma a banza. An ce in ninka masa. In yi?

Amsa: Don Allah, Malama, kada ki ninka.

Maganin da kike ba shi histamin kaɗai yake tarewa, wato sinadarin da jiki ke saki lokacin alaji, ƙaiƙayin ɗanki kuwa yawancinsa ba ta wannan ƙofar yake shigowa ba. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ke fatarsa suna sakin wasu sinadarai, IL-4 da IL-13 da IL-31, su kuma jijiyoyin ji na fata suna da mazaunin karɓar su kai tsaye. Wani bincike a Amurka ya nuna hakan game da IL-4 da IL-13 a 2017. Jijiyar ba ta tsaya ga kai saƙo ƙwaƙwalwa ba, tana mayar da martani: tana fitar da sinadarin P, wanda ke tunzura wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast su zubar da sinadaran da ke cikinsu, kumburi ya ƙaru. Yaro ya sosa, farce ya yage fata, fatar ta saki wani sinadari mai suna TSLP, jijiya ta sake tashi. Haka ake kwana.

Zancen ninka magani ya ishe ni. Kusan kullum sai an kawo min yaro yana layi, baki a bushe, idanu rabi a rufe, uwa tana murna wai "jiya ya samu barci". Bugar da shi aka yi. Duba fatar da safe, sabbin yaguna suna nan, domin a cikin barcin ma ya sosa. Tsofaffin magungunan alaji masu sa gyangyaɗi, in suka yi yawa a jikin ƙaramin yaro, suna iya hargitsa bugun zuciya, su kawo jijjiga. Wanda ya ba ki shawarar bai auna nauyin yaron ba, ba ya nan kuma ranar da za a ruga asibiti.

Kumburin za a kashe. Ki yanke masa farce, ki shafe shi da mai mai kauri marar turare da zarar ya fito wanka, ruwan kuma kada ya yi zafi. Likitan fata zai rubuta man shafawa daidai da ƙarfin ciwon. In ciwon ya ƙi, akwai allurar dupilumab da ke toshe hanyar IL-4 da IL-13. Idan kika ga ɓawo mai launin zuma ko ruwa yana tsatsowa, ƙwayar cuta ta shiga, ki kai shi a ranar.