Tambaya da Amsa: Tafiya Japan Cikin Tawaga

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na saba zuwa Sin da Dubai sarin kaya, amma ban taɓa fita don yawon buɗe ido kawai ba. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ya kawo mini tsarin tafiyar kwana goma zuwa Japan cikin tawaga, tare da ɗan jagora. Za a fara da Tokiyo, a shiga garuruwan cikin duwatsu irin su Takayama da Shirakawa-go, a bi ta Kanazawa zuwa Kiyoto da Nara, a ƙare a Osaka. Ina so in tafi da maiɗakina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kusan rabin wuraren da aka lissafa wuraren bauta ne, ga kuma maganar abinci da salla. Shin ba gara mu tafi mu biyu abinmu ba, tunda ni ba baƙon tafiya ba ne? Daga wani Alhaji, Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce ku bi tawagar, domin tafiyar sari daban, wannan daban. Inda ka saba zuwa akwai 'yan uwa Hausawa da dillalai da za su tarbe ka, alhali a Japan, da zarar an bar manyan birane, sai ka wuni ba ka haɗu da wanda zai iya yi maka bayani da Turanci ba. Tokiyo da Osaka ba su da wuyar sha'ani, tunda allunan tashoshin jirgin ƙasa suna ɗauke da rubutun boko, amma Shirakawa-go ba ta da tashar jirgi sam, sai dai bas, wadda daga Takayama tafiyarta ba ta kai awa guda ba, kuma a lokacin cunkoso kujerun sukan ƙare tun kafin ranar. Ɗan jagora shi ne zai ɗauke muku wannan nauyi, shi ne kuma zai karanta muku abin da aka rubuta a jikin ledar abinci. Sai dai amfanin tawaga ya dogara ne ga abin da kuka daddale da kamfanin kafin ka biya ko sisi, tun ran gini ran zane, domin da zarar an hau hanya ɗan jagora ba shi da ikon sauya otal ko gidan abincin da aka riga aka kama.

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, wadda ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ke bayarwa, kuma daga cikin abin da ake nema akwai jadawalin tafiyar rana bayan rana, saboda haka ka sa kamfanin ya ba ka shi a rubuce. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga nan zuwa can, sai an ya da zango a wuri irin su Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha. Agogonsu yana gaba da namu da awa 8, abin da ke sa mutum ya yi ta gyangyaɗi da rana ya kuma kasa barci da dare a kwanakin farko. Idan ka ga an cika ranar isowa da ziyarce-ziyarce, ka nemi a rage.

Wuraren bautar iri biyu ne. Akwai na Shinto, addinin gargajiyar ƙasar, waɗanda ake gane su da wata ƙofa mai ginshiƙai biyu da gungume a gicciye a sama, sau da yawa da jan fenti. Akwai kuma na mabiya Buda, addinin da ya shigo musu ta Koriya a ƙarni na 6. Abin da za ka gani a na Shinto shi ne mutum ya tsaya a wani kwarmin ruwa ya ɗauraye hannu da ludayi, ya ƙarasa gaban ginin ya jefa tsaba a akwatin katako, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake rusunawa. A gefe ana sayar da layu da 'yan takardun duba, waɗanda ake ɗaure wa a jikin waya ko reshe idan abin da suka faɗa bai yi wa mutum daɗi ba. Babu mai tilasta wa baƙo ko ɗaya daga cikin waɗannan, babu ma mai kallonsa idan ya wuce su. Abin lura kawai shi ne wasu 'yan jagora sukan gayyaci tawaga ta gwada, a matsayin nishaɗi, don haka ka faɗa masa tun safiyar farko, cikin ladabi, cewa ku kallo da tarihi suka kawo ku. Hukuncin shiga irin waɗannan wurare na malamai ne, kuma ya kamata ka je wa malaminka da maganar kafin tafiya, amma ka je masa da cikakken bayani, domin wuraren ba ɗaya ba ne.

Kinkaku-ji da ke Kiyoto, alal misali, ba a shigarsa ma, daga bakin tafki ake hango shi, bene mai hawa uku wanda aka lulluɓe hawa biyu na sama da zinare. An gina shi a 1397, wani matashi daga cikin masu hidimar wurin ya banka masa wuta a 1950, aka sake gina shi a 1955. Fushimi Inari kuwa hanya ce mai hawa tudu a ƙarƙashin dubban jajayen ƙofofi, kuma 'yan kasuwa da kamfanoni ne suka bayar da akasarinsu, sunan kowa a rubuce a bayan tasa. Todai-ji na Nara shi ne ya bambanta, domin a cikin zauren akwai gunkin Buda na tagulla mai tsayin kusan mita 15, wanda aka ƙaddamar a shekarar 752. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya zama a dandalin waje, inda bareyi fiye da dubu ke yawo a sake suna bin mutane don a ba su biskit.

A ganina ma, tsarin da ya jera wuraren bauta bakwai ko takwas cikin kwana uku ya yi wa kowa yawa, Musulmi ko waninsa, domin daga na huɗu sai su fara rikice wa mutum. Kiyoto ta kasance mazaunin sarki daga 794 har sama da shekara dubu, kuma tana da abin kallo da ya wuce haka. Ka nemi a musanya wasu da fadar Nijo, wadda aka gina a 1603, ko kasuwar abinci ta Nishiki. Kai da sana'arka yadi ce, babban rashi ne ka je Kiyoto ba ka leƙa unguwar masaƙa ta Nishijin ba, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana saƙar siliki, ko ka bar Tokiyo ba ka zaga layin 'yan yadi na Nippori ba.

Abinci shi ne inda wahalar take, kuma matsalar ba ta naman aladen da ake gani da ido ba ce. Taliyarsu mai romo da ake kira ramen, sau da yawa da ƙashin alade ake dafa romon ko da kaza ce a sama, sannan akwai wata giyar shinkafa mai zaƙi, mirin, da suke zubawa a miya da mahaɗin abinci kamar yadda ake zuba gishiri. Kifi da shinkafa da ƙwai da awara suna nan a wadace, kuma a Tokiyo da Kiyoto da Osaka akwai gidajen abinci masu shaidar halal, har da shagunan Musulmi kusa da tashar Shin-Okubo. A cikin duwatsu ne abin ke ƙaranci. Masaukin gargajiya na can yakan shirya abincin dare tun da wuri, 'yan kwanoni barkatai a jere, kuma ba sa sauya shi a ranar, sai in an sanar da su tun lokacin kama ɗaki. Ka sa kamfanin ya rubuta musu cewa babu nama, babu romon nama, babu giya a girki, ka kuma riƙe kwafin amsarsu. Naman shanun yankin Hida, wanda garin Takayama ke alfahari da shi, za a yi ta tallata muku, amma in ba ka ga shaidar yanka ba, ka bar shi.

Kada kuma ka ce za ka yi guzurin kilishi ko dambun nama. Dokar Japan ta hana matafiyi shiga da nama ko abin da aka sarrafa da shi, akwai karnuka masu sansana jaka a filayen jirgi, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3 na kuɗin Japan. Goro da sauran kayan tsiro ma sai an nuna wa jami'an bincike.

Salla ta fi abinci sauƙi. Filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai duk suna da ɗakin salla. A Tokiyo akwai babban masallacin unguwar Yoyogi-Uehara, wanda aka fara ginawa a 1938 aka sake gina shi a 2000 bisa salon Turkiyya, sannan a Kobe, kimanin rabin awa daga Osaka, akwai masallacin 1935, mafi daɗewa a ƙasar, wanda ya tsira daga yaƙin duniya na biyu da girgizar ƙasar 1995. Ka duba inda Juma'a za ta riske ku a jadawalin, ka nemi a ba ku wannan rana tun yanzu. Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata arewa, don haka kada saba fuskantar gabas ya yaudare ka, ka dogara da manhajar waya. A watan Yuni rana takan fito wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, a Disamba kuma ta faɗi wajen huɗu da rabi na yamma. Ku riƙa fita daga otal da alwala, domin sa ƙafa a wurin wanke hannu na jama'a abu ne da suke ƙyama, ko da yake banɗakunansu akasari suna da famfon tsarki a jiki.

Garuruwan cikin duwatsun su ne suka fi cancantar kuɗinka, kuma su ne kamfanoni suka fi yi wa rowar lokaci. Takayama gari ne na kafintoci, waɗanda a da ake tura su aikin gina fadoji a Nara da Kiyoto a madadin haraji, kuma har yau layukan tsofaffin gidajen fatake na baƙin katako suna nan. Kasuwar safe ta bakin kogin Miyagawa tana watsewa da tsakar rana, saboda haka tawagar da ta iso da azahar ta tashi da sassafe ba ta ga komai ba. Ka nemi a kwana biyu. A Shirakawa-go, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, gidajen suna da jinka mai kauri da tsini sosai don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa. In ka shiga ɗaya daga cikin waɗanda aka buɗe wa baƙi, ka hau sama ka duba: ba ƙusa ke riƙe da rufin ba, igiya ce da ɗanyen reshe aka ɗaure gungumen da su, hayaƙin murhun da ke tsakar ɗaki ya bi ta tsagar dabe ya mai da su baƙi wuluk, shi ne kuma ke kare su daga ƙwari. A waɗannan benaye ake kiwon tsutsar siliki a da. Idan jinka ta tsufa, gayya ake kira, mutanen ƙauye su hau su sauya ta tare, kamar yadda kakanninmu ke yi a gona. Mutane na zaune a sauran gidajen har yanzu, don haka ba a kutsawa farfajiyar kowa don ɗaukar hoto.

Abu ɗaya da ya kamata Hajiya ta sani tun daga gida shi ne wankan ruwan zafi na masaukan gargajiya na can a taru ake yinsa, maza daban mata daban, amma babu sutura. Ku nemi ɗaki mai banɗakinsa a ciki. Ku kuma ɗauki lokaci da muhimmanci, domin jirgin ƙasansu mai saurin gudu, Shinkansen, wanda ya fara aiki a 1964, minti ɗaya ko biyu yake tsayawa a yawancin tashoshi, kuma ba ya jiran Alhaji.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Yayana ne zai biya wa mahaifiyarmu irin wannan tafiya, ni zan raka ta. Ta manyanta kuma tana fama da ciwon gwiwa. Wane lokaci ya fi dacewa, kuma hijabi ba zai jawo mana matsala ba? Daga wata 'yar uwa, Gwale, Kano.

AMSA: Wa alaikis salam, Malama, Allah ya saka muku da alheri bisa wannan hidima. Hijabi ba matsala ba ne, babu dokar da ta hana shi, kuma sun saba ganin Musulmi daga Malesiya da Indonesiya. Lokacin da ya fi dacewa da Hajiya shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sanda ganye ke juyewa ja da rawaya kuma sanyin bai tsananta ba. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin furannin sakura, yana da kyau amma ga tsada ga turmutsitsi, haka ma hutunsu na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Yuni ruwa ne, Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, hunturu kuma ƙanƙara ke rufe hanyoyin duwatsu, ga santsi.

Gwiwar ce abin dubawa, domin tafiyar tawaga tafiyar ƙafa ce, kuma wurare irin su Kiyomizu-dera, wani wurin bauta a Kiyoto, a kan tudu suke. Ki tambayi kamfanin waɗanne ranaku ne Hajiya za ta iya zama a bas ko a otal, ki nemi ɗaki mai gado maimakon katifar ƙasa, ki saya mata takalmi mai sauƙin cirewa da safa masu kauri, tunda ana yawan tuɓe takalmi. Ku yi inshorar lafiya ta tafiya. Magungunanta kuma a bar su cikin kwalayensu tare da takardar likita, kada su wuce na wata guda in ba an nemi izini ba, kuma a nuna wa likitan jerin tun da wuri, domin wasu magungunan ciwo da na mura da ake saya a kemis a nan, Japan ta taƙaita shiga da su.