Tsiron dutsen da ke bushewa a Aboabo

Malam, ka ce ɗan'uwanka ya kawo maka wani ɗan tsiro daga Kanada, ka dasa shi a tukunya a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kana ba shi ruwa safe da yamma, ganyen sai nannaɗewa yake, bayansa ja-ja kamar tsatsa.

Da wannan siffa, ina kyautata zaton Woodsia ilvensis ne. A tsagar duwatsun ƙasashen sanyi yake fita, Kanada da Alaska da Norwe, tsawonsa bai cika wuce tafin hannu ba. Wannan jan gashin halittarsa ne, kada ka fesa masa magani. Ba ya fure, ba ya iri. Juya ganyen, za ka ga ɗige-ɗige, ƙurar da ke cikinsu ce ke yaɗa shi.

Ruwan nan naka ne ya fi damuna. Saiwarsa ta saba da tsakuwa, baƙar ƙasa mai riƙe ruwa ruɓar da ita take yi. Sauya masa tsakuwa da yashi, ka rage ruwa, ka kai shi inuwa mai iska.

Gaskiya zafin Kumasi zai wahalar da shi ko ka yi duk wannan. Ka kai ganye ɗaya wurin masanan tsirrai a jami'ar KNUST da ke Kumasi su tabbatar maka da sunansa.