Mota tana mutuwa a silo in an kunna AC: a canza gidan totur ko a wanke?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Corolla ɗinka ƙirar 2010 tana karkarwa a silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, in ka kunna AC a cunkoson Kejetia da ke Kumasi sai ta mutu, kuma a Suame Magazin, unguwar makanikai, an ce sai an canza gidan totur ɗungurungum. Kada ka yi saurin fitar da kuɗi, galibi dauɗa ce kawai.

Tururin baƙin mai da ke dawowa ta tiyon PCV, mai mayar da tururin cikin inji hanyar iska, yakan haɗu da ƙura, ya daskare baƙi ƙirin a gefen faifan cikin gidan totur da ke buɗe wa iska hanya. A silo 'yar siririyar kafa faifan yake bari. Da dauɗa ta cinye ta, inji ya shaƙe, nauyin AC kuma ya ƙarasa shi.

Taka ta lantarki ce, babu wayar totur, ɗan injin lantarki ne da haƙoran roba ke juya faifan. Nan ake ɓarna. Kada a bankaɗe faifan da ƙarfi, kada kuma a sa yatsa ciki makulli yana kunne, zai iya datse shi.

Inji ya huce tukuna. A cire kan batir na nagetif da sifana 10, a kwance babban tiyon iska, a zare soket, sannan notuna huɗun da ke riƙe da gidan totur. Ƙananan tiyoyin ruwa biyu da ke jikinsa a bar su. Gwangwani ɗaya na maganin wankin totur ya isa har ya yi saura. A fesa a tsumma mai tsabta, ba cikin ramin sandar faifan ba, don in ya gangara wajen lantarkin aiki ya lalace. A tura faifan a hankali, a goge da tsohon buroshin haƙori, musamman bayansa, can dauɗar ta fi kauri. Ban da sanfefa, ban da kankara da sukundireba. Gasket ɗin, wato robar da ke toshe tsakanin gidan totur da inji, in ya bushe ko ya lotse a sa sabo.

Bayan an ɗaura, silo zai iya tashi sama, wasu su ce an ɓata mota. Kwamfutar motar ce ta saba buɗe faifan da yawa saboda dauɗar. A bar inji ya yi zafi, a kashe fitila da AC, ya yi kamar minti goma a silo, sannan minti biyar da AC. Ya kamata silo ya sauka wajen juyi 700 a minti (rpm).  In taka ta ƙi sauka, ko na'urar gwaji ta nuna lambar matsalar silo, a nemi inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya, tsagar tiyo ko gasket.

Ka duba matatar iska da bawul ɗin PCV a ranar, musamman lokacin hazo, in ba haka ba dauɗar za ta dawo da wuri. Sensa ta MAF, mai auna iskar da ke shiga inji, da ke kusa da matatar kuwa maganinta daban ne, kada na totur ya taɓa ta.