Koci ko mai tsara rawa? Ni dai ga abin da na gani

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce kuɗin da ke hannunki ba zai ɗauki biyun ba, ko ki ƙara wa yarinyarki mai wasan zamiya da rawa a kan ƙanƙara awanni da koci, ko ki ɗauko shahararren mai tsara rawa. Na taɓa tsayawa a wannan mararrabar, kuma na zaɓi mai tsara rawar.

Tawa tana da shekara 14 a lokacin. Mutumin ya zo, ya yi kwana uku, ya haɗa mata doguwar rawa mai kyan gaske, har na yi hawaye a bakin fili. Sai dai ya tura tsallenta mafi wuya, aksel mai juyi biyu da rabi, can ƙarshe, wai don ƙarin makin kashi 10 cikin ɗari da ake bai wa tsallen rabin ƙarshe na rawar. Kocinta ta ce min a hankali, “Maman yarinya, ƙafarta mutuwa take yi a minti na uku.” Ban ji ba. Na riga na biya, kuma suna ya rufe min ido.

Ranar gasa ta faɗi sau biyu. Faɗuwa ta biyun ce har yau ba ta bar ni ba: ta ɗan jima a zaune a kan ƙanƙarar, kiɗa na tafiya, ta ɗago tana neman fuskata a cikin jama'a. A mota ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, “Mama, na ɓata miki kuɗi.” Na kira mutumin nan ya fi a ƙirga. Shiru. Bayan mako biyu ya turo saƙo wai yarinyar ce ba ta da juriya. Yarinyar da bai taɓa gani a gajiye ba! Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Kada ki ɗauka raina aikinsu nake yi. Tun 2022 da aka mayar da makin salo, wato makin da alƙalai ke bayarwa kan kyan rawar, gida uku, tsarin rawar gida guda ne sukutum. Yuna Kim ta Koriya ta Kudu ma da ta ci zinare a gasar Olympics ta 2010, Brian Orser ne kocinta amma David Wilson ya tsara mata rawa. Sai dai a lokacin su biyun a fili ɗaya suke aiki a Toronto, kullum suna ganinta. Alina Zagitova ta Rasha kuwa da ta jibge duk tsallenta a rabin ƙarshe a gasar Olympics ta 2018, mai tsara mata rawa ɗan tawagar kocinta ne, sun san abin da ƙafarta za ta ɗauka.

 

In ni ce ke, koci zan ba kuɗin. Ita ce ke nan da asuba tana gyara taku da sauka. In har kin ɗauko mai tsara rawa, ki sa sharaɗi kafin ki biya: koci na tsaye za a yi aikin, kuma shi mai tsara rawar zai dawo gyara bayan gasar farko. Kuma don Allah kada yarinyar ta ji nawa kika kashe. Mu kocin ce ta dawo da aksel ɗin farkon rawar, a gasa ta gaba ta sauka a kan ƙafarta.