Yadda za ki koya wa yaro amsa-amo ta hanyar wasa

'Yar uwa, kin ce ɗanki mai shekara 4 ba ya gane amsa-amo, wato kalmomin da ƙarshensu ya zo ɗaya, kuma kina son ki taimaka masa a gida.

Ki fara da kunne tukuna, rubutu ya jira. Ni da 'yata a madafa muka fara. In ɗaga buta in ce "buta", in nuna murhu in ce "wuta", sai ta tafa. In na ce "buta, kare", ta noƙe kafaɗa. Da ta saba, ita ke kawo nata: kare, zare, dare. Wani lokaci har ta ƙirƙiro kalmar da babu ita a Hausa, ni kuwa ban taɓa hana ta ba, tunda ƙarshen ya dace. Waƙoƙin gaɗa da na reno ma suna taimakawa: ki rera, ki yi shiru a ƙarshen layi, shi ya cike.

Kada ki mai da abin jarrabawa ko ki yi masa tsawa. Minti 5 ya isa.

Amma in kin lura sai kin maimaita magana kafin ya ji, ko kunnensa na yawan ciwo ko fitar da ruwa, ki kai shi asibiti a duba jinsa.