Amsa ga Hajiya kan dokokin auna haɗarin masu laifin fyaɗe da ke cikin rajista

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Hajiya, na saurari saƙonki, inda kika ce kin ji wai a Amurka idan mai laifin fyaɗe ko lalata da yara ya gama zaman gidan yari aka sa sunansa a rajista, sai kuma hukuma ta zauna ta ba shi maki, a ce wannan haɗarinsa kaɗan ne, wancan matsakaici, wancan kuma babba, kika tambaya mene ne amfanin wannan wahala tunda hali zanen dutse ne. A fahimtata, abin da kike tsoro shi ne kada wannan awo ya zama ƙofar sassauta wa mugu, a sake shi cikin jama'a da takardar shaidar cewa ya shiryu. To a kan wannan zan ba ki amsa, kuma ina da tabbacin cewa inda aka yi awon yadda ya kamata, yara sun fi samun kariya fiye da inda aka yi wa kowa kuɗin goro.

Sai an san yadda dokokin suka faro kafin a gane rikicin. A shekarar 1994 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar Jacob Wetterling, wadda aka sa wa sunan wani yaro ɗan shekara 11 da aka sace a jihar Minnesota a 1989, ta wajabta wa jihohi buɗe rajista. A wannan shekarar ce kuma wani maƙwabci da aka taɓa ɗaurewa sau biyu kan irin wannan laifi ya yi wa Megan Kanka, yarinya 'yar shekara 7, fyaɗe ya kashe ta a jihar New Jersey, alhali iyayenta ba su san tarihinsa ba. Daga nan aka samu dokar Megan, wadda ta zama ta tarayya a 1996, ta ce ba ajiye suna kaɗai ba, a sanar da jama'a. New Jersey kuwa, duk da cewa a can abin ya faru kuma a can zuciya ta fi tafasa, ba ta ce a yi shelar kowa ba. Mai gabatar da ƙara ne ke auna mutum da ma'auni rubutacce, ya sa shi a ɗaya daga cikin matakai uku: na farko 'yan sanda kaɗai ake sanarwa, na biyu a haɗa da makarantu da ƙungiyoyin da ke kula da yara, na uku kuma a sanar da mutanen unguwa, kuma wanda bai yarda da matakinsa ba yana da damar zuwa gaban alƙali. Jihar New York ta bi wannan hanya tun 1996, da takardar maki mai tambayoyi 15, inda maki 70 zuwa ƙasa ke nufin mataki na ɗaya, 110 zuwa sama kuma mataki na uku, alƙali ne kuma ke yanke hukuncin ƙarshe bayan ya saurari ɓangarorin biyu.

Inda aka kauce hanya, a ganina, shi ne dokar Adam Walsh ta 2006. Ita ma ta raba mutane gida uku, shekara 15 a rajista, shekara 25, da har mutuwa, amma ta ɗora rabon a kan sunan laifin da kotu ta kama mutum da shi, ba tare da an duba shi kansa mutumin ba, ta kuma yi barazanar zabge kashi 10 cikin 100 na wani tallafin tarayya ga duk jihar da ta ƙi bi. Barista yana cikin zauren nan, ya san cewa yawancin shari'un laifi a Amurka da yarjejeniyar amsa laifi suke ƙarewa, wato lauya ya daidaita da mai gabatar da ƙara a rage tuhuma mutum ya amsa. Saboda haka wanda ya daɗe yana lalata yara, in dai yana da lauya gwani ko iyayen yaran sun ƙi barin su ba da shaida, zai iya faɗawa ƙaramin mataki, wanda kuma ba shi da kowa ya faɗa babba. Har yau jihohi da yawa, ciki har da manya irin su New York da Kalifoniya da Texas, ba su rungumi tsarin gaba ɗaya ba.

Shi ma'aunin da aka fi amfani da shi sunansa Static-99, wanda Karl Hanson na Kanada da David Thornton na Ingila suka tsara a 1999, aka gyara shi a 2009. Tambayoyinsa 10 ne, kuma galibi daga fayil ake amsa su, ba sai an ji daga bakin mai laifin ba, don haka kuka da rantsuwar tuba ba sa ƙara masa komai ko rage masa. Ana duba shekarunsa ranar da za a sake shi, domin matashi ana ƙara masa maki, wanda ya kai 60 kuma ana rage masa. Ana duba sau nawa aka taɓa tuhumarsa ko kama shi da laifin lalata, ko yana da tarihin duka da tashin hankali, ko ya taɓa zama da abokiyar zama na tsawon shekara 2, ko waɗanda ya cuta maza ne, ko ba danginsa ba ne, ko baƙi ne da bai sani ba. A Kalifoniya doka ce ta wajabta wannan awo, kuma tun 2021 da suka daina sa kowa a rajista har mutuwa suka koma shekara 10, 20 da har mutuwa, maki mai yawa a wannan ma'auni yana iya jefa mutum a mataki na ƙarshe ko da sunan laifinsa bai kai can ba. Kin ga ke nan awon yana tsanantawa kamar yadda yake sassautawa.

Sai maganar hali zanen dutse. Binciken da Hanson da Bussière suka fitar a 1998, wanda ya tattara bincike 61, ya nuna kusan kashi 13 cikin 100 ne aka sake samu da laifin lalata cikin shekara 4 zuwa 5. Ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'ar Amurka ya bi sawun mutum 9,691 da aka sako daga gidan yari a 1994, ya tarar kashi 5.3 cikin 100 aka sake kamawa kan irin laifin cikin shekara 3, sannan wani bincikensa na 2019 ya samu kashi 7.7 cikin shekara 9. Waɗannan alƙaluma na waɗanda aka kama ne kawai, kuma kowa ya san fyaɗe laifi ne da ake binnewa, don haka gaskiyar lamarin ta fi haka. Amma abin da suke nunawa a fili shi ne mutanen ba ɗaya suke ba: akwai 'yan tsiraru da ke komawa gidan jiya sau da yawa, akwai kuma masu yawa da ba a sake jin ɗuriyarsu. Rajistar Amurka yau ta haura mutum 700,000, kuma babu rundunar 'yan sandan da za ta iya sa wa wannan adadi ido daidai wa daida, dole ne a san wanda za a fi tsarewa.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a nan. A shari'ar McKune da Lile ta 2002, mai shari'a Anthony Kennedy na kotun ƙolin Amurka ya rubuta cewa yawan sake aikata laifin abin tsoro ne kuma mai yawa, har ya ambaci kashi 80 cikin 100 ga waɗanda ba a yi wa magani ba, sannan aka maimaita wannan furuci a shari'ar Smith da Doe ta 2003 da ta halatta rajistar jihar Alaska. A 2015 Ira Ellman da Tara Ellman suka bi diddigin wannan adadi, suka tarar asalinsa wata maƙala ce a mujallar Psychology Today ta 1986, wadda wani mai ba da shawara a gidan yari ya rubuta ba tare da ya kawo wata ƙididdiga ba. Kotuna da majalisu sun yi ta kafa hujja da wannan jimla shekara da shekaru, an gina dokoki a kanta, ciki har da na hana zama kusa da makaranta, waɗanda a birnin Miami suka sa masu rajista suka tare a ƙarƙashin gadar Julia Tuttle saboda babu gidan hayar da doka ta yarje musu. Mutumin da ba shi da adireshi kuwa, ta ina ɗan sanda zai bibiye shi? Abin yana ɓata mini rai ƙwarai, domin kotun da ta fi kowace a ƙasar ta ɗauki maganar da ba a tantance ba ta mai da ita tubali, kuma yaran da aka ce ana karewa ne suka yi asara.

Bari in koma kan tambayoyin ma'aunin, saboda akwai inda tsoronki yake da tushe. Na ce ana ƙara maki idan wanda aka cuta baƙo ne ko ba dangi ba, wato uba ko kawu da ya lalata 'yar gidansa yana iya samun maki kaɗan. Ma'aunin ba ya auna munin laifi, hasashen sake kamuwa kawai yake yi, laifin cikin gida kuma shi ne aka fi rufewa. Ƙididdigar ma'aikatar shari'ar Amurka ta 2000 ta nuna kashi 93 cikin 100 na yaran da aka ci zarafinsu sun san wanda ya cuce su. Shi ya sa na fi gamsuwa da tsarin Ingila da Wales, inda 'yan sanda da jami'an sa ido da na gidan yari ke zama tare su riƙa sabunta awon bisa halin da mutum yake ciki yanzu, kamar shaye-shaye, rasa aiki, ko komawa gidan da akwai yara. Rajistarsu ba a intanet take ba, amma tun 2011 uwa ko uba na iya zuwa wurin 'yan sanda su tambaya game da mutumin da ke mu'amala da ɗansu.

Wani ya kawo maganar dokar dandaƙa da Kaduna ta yi a 2020; wannan batun hukunci ne, ba zan shige shi ba yanzu. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta tanadi rajista, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane kuma ta ƙaddamar da ta ƙasa a watan Nuwamban 2019. Ba na goyon bayan a ɗauko Static-99 a dasa mana shi yadda yake, domin an gina shi ne a kan fayilolin Kanada da Amurka da Turai, mu kuwa mutum yana iya yin laifi a wannan jiha ya koma waccan babu takardar da ta bi shi, wasu shari'un ma a zauren mai unguwa ake kashe su da sunan rufin asiri. Duk dokar da za a yi mana a kan wannan, Hajiya, ya kamata ta fara da tilasta wa kotuna da 'yan sanda tura kowane hukunci cikin kundi ɗaya, ta naɗa waɗanda za su yi awon kafin a saki mutum, ta kuma fayyace bayan shekara nawa za a sake duba shi da wanda zai sanar da makarantu da islamiyoyin unguwar da zai koma. Wassalamu alaikum.