Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Riƙe Rundunar Kai Hari a Wasan Intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa. Abokaina sun ɗora mini shugabancin rundunarmu a wasan Clash of Clans, kuma yawancinmu manoma ne, sai 'yan ɗalibai da masu sana'ar hannu. Da rani komai na tafiya daidai, amma tun da damina ta faɗi sai a shiga yaƙi wasu su ƙi kai hari. Bayan haka rigima ta tashi a kan kyautar da na raba a ƙarshen gasar wata, har mutum biyu suka fice suna cewa na fifita ɗan yayana. Shin in kori marasa ƙoƙari in ɗauko baƙi ƙwararru, ko yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar korar kowa, domin abin da ya rasa a rundunarku shi ne tsari, kuma baƙon da za ka ɗauko, komai ƙwarewarsa, idan ya tarar babu tsari ba zai yi mako biyu ba zai kama gabansa.

Mu fara da yaƙi. Kamfanin Supercell na ƙasar Finland, wanda ya fitar da wasan a 2012, ya tsara cewa runduna ba ta wuce mutum 50, amma bai ce dole kowa ya shiga kowane yaƙi ba, don ana iya yin na mutum 5, ko 10, ko 15, har zuwa sama. Kowane ɗan wasa yana da alamar da zai nuna ko yana son a sa shi ko ba ya so. Ka kafa doka cewa wanda ya san zai wuni a gona yana noman fari ko maimai, ya sauya alamarsa tun kafin a nemi abokan gaba, kuma ka bayyana musu cewa yin hakan ba abin kunya ba ne. Laifin yana kan wanda ya nuna yana ciki, aka sa shi, sannan ya bar hare-harensa biyu suka tafi a banza. Mutum goma da za su fito sun fi talatin da rabinsu suna bayan garma. Lamarin kamar gayya ne: wanda ya ce ba zai samu zuwa ba an san yadda za a raba kuyya ba tare da shi ba, wanda ya ce yana tafe bai zo ba shi ne yake barin gona rabi.

Lokacin soma neman yaƙi ma a hannunka yake, kuma shugabanni da yawa ba sa lura da wannan. Akwai ranar shiri, sannan ranar yaƙi ta awa 24. Ka lissafa ta yadda yaƙin zai ƙare da dare bayan sallar isha'i, lokacin da mutane sun dawo gida, sun karɓo wayoyinsu daga shagon caji. Idan akwai masu zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis a cikinku, kada ka bari sa'o'in ƙarshe su faɗa a ranar. Hari ɗaya minti uku ne kacal, amma idan sabis ya yanke a tsakiyarsa an yi asararsa, saboda haka a riƙa tuna wa kowa ya nemi inda sabis yake da ƙarfi, ya tabbatar da cajinsa da datarsa kafin ya taɓa maɓallin hari.

Harin ƙarshen mako, wanda aka ƙara cikin wasan a 2022, yana da nasa sha'anin. Yana farawa ranar Juma'a da ƙarfe takwas na safe agogon Nijeriya, ya ƙare Litinin a daidai wannan lokaci. Kowa yana da hari biyar, kuma wanda ya ƙarasa rushe wata unguwa ta abokan gaba ana ƙara masa na shida. Da yake ɓarnar da aka yi wa unguwa tana nan ba ta gogewa, za ka ga wani ya laɓe yana jira, sai ɗan'uwansa ya sha wahalar farfasa katanga da manyan bindigogi, shi kuma ya faɗo ya kwashe ragowar. Wannan ɗabi'a tana ɓata zumunci fiye da yadda ake zato. Dokar da ta fi sauƙi ita ce wanda ya fara unguwa a bar shi ya ƙarasa ta, sai dai idan hare-harensa sun ƙare ko ya rubuta cewa ya bar wa wani, kuma wanda ya riga ya sami harinsa na shida ya riƙa barin ƙarashe ga wanda bai samu ba.

Yanzu ga babbar maganar, wato rabon kyauta. Wannan rigima ta girmi wasan da kuke yi. 'Yan wasan EverQuest, wanda ya fito a 1999, su ne suka ƙirƙiro tsarin da ake kira DKP, inda ake rubuta wa kowa maki gwargwadon halartarsa, sannan ya yi amfani da makin wajen karɓar ganima. Da World of Warcraft ya fito a 2004 da hare-haren da ke buƙatar mutum 40 a lokaci guda, alhali dodon da aka kashe 'yan kayayyaki kaɗan yake bari, rundunoni da yawa sun ɗauki wannan tsari, wasu kuma suka naɗa majalisar da ke yanke wanda za a ba. Tsarin majalisa yana aiki ne kawai inda aka amince da masu yankewa, kuma kai a halin yanzu amincewar nan ce ta sami tangarɗa, ko da kuwa ɗan yayanka ya cancanci abin da ka ba shi.

Saboda haka ka koma ga lissafi. Gasar wata yaƙi bakwai ce, hari ɗaya a kowace rana. Ka sami littafi, ko ka buɗe saƙo guda a zaurenku na WhatsApp, a riƙa rubuta wanda ya kai harinsa, da taurarin da ya samo, wato makin da wasan ke bayarwa gwargwadon ɓarnar da harin ya yi, da wanda ya cika wa 'yan'uwansa sojojin tsaro a ranar shiri. A sanar da yadda za a ƙirga makin tun kafin gasar ta fara, ba bayan an ga sakamako ba. Ni a ganina halarta ta fi cancantar maki mai nauyi a kan taurari, domin idan taurari kaɗai za a duba, masu manyan garuruwa a cikin wasan ne za su riƙa kwashewa kowane wata, ƙananan kuma su karaya. Wanda ya karɓa a wannan wata ya dakata wata mai zuwa. Kai kuma ka cire sunanka daga rabon na ɗan lokaci, sannan ka je wurin mutanen nan biyu da ƙafarka, tunda 'yan garinku ne, ka nuna musu sabon tsarin, ka roƙi ɗayansu ya riƙe littafin.

Game da muƙamai, ka yi taka-tsantsan. Mai muƙamin dattijo yana iya karɓar sabon mamba ya kuma kori wani, mataimakin shugaba kuwa yana iya tayar da yaƙi ba tare da kai ba. Mataimaka biyu ko uku sun wadatar, kuma a zaɓe su don haƙuri da yawan leƙowa, ko da garuruwansu ba su ne mafi ƙarfi ba. Zai yi kyau ɗaya ya kasance wanda ke zaune inda wuta da sabis suka fi tsayawa, kamar ɗalibin da ke Dutse ko Kano, don ya riƙe ragama ranar da hadari ya ɗauke muku sabis.

Kora tana da wurinta, amma bayan matakai. Wanda ya saɓa sau ɗaya a yi masa magana a keɓe, kada a tozarta shi a zaure. Idan ya maimaita a ajiye shi daga yaƙi biyu. Sai a karo na uku, ba tare da uzuri ba, za a sallame shi, kuma mataimakanka su san dalili kafin a aiwatar. Idan kaka ta yi, aka shiga girbin gero da yankan riɗi, ka rage yaƙi zuwa ɗaya a mako, a ci gaba da harin ƙarshen mako har a gama kai amfani gida.